Nawar Nas Ba Wulakanci Ba Ne

Da zarar damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro yakan cika ɗakunan shan magani, tun daga Tudun Fulani da ke Ƙaramar Hukumar Bosso har ya zuwa Babban Asibitin Minna. A irin wannan lokaci ne akan ji masu jinya suna gunaguni, wai nas-nas nawa gare su, sai sun duba kati, sun ɗora yaro a sikeli, sun jujjuya kwalba, kana su yi allura. To, wannan nawar ita ce ainihin aikin.

Abu biyar aka hori kowace nas ta tabbatar kafin ta ba da magani: wanda aka rubuta wa, da maganin kansa, da yawansa, da hanyar da zai shiga jiki, da lokacinsa. In ɗaya ya kuɓuce, magani ya zama guba.

A ɗauki misalin allurar Artesunate da ake yi wa wanda zazzaɓi ya tsananta masa. Yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo na nauyinsa, wanda ya kai kuwa miligiram 2.4. Ana maimaitawa bayan awa 12, sannan a awa ta 24. Ashe ke nan wadda ta yi allurar ba awo, kintace ta yi da ran ɗan mutane. Haka kuma allurar ɗuwawu in ta kauce ta sami babbar jijiya, tana iya shanye ƙafar yaro, shi ya sa akan yi wa jarirai a cinya.

Matsalar ba ta tsaya ga Nijeriya ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kurakuran ba da magani suna jawo asarar dala biliyan 42 kowace shekara.

Saboda haka, uban da ya sayo allura a kemis ya nufi gidan nas ɗin unguwa da daddare, ba takardar likita, ya sani ya sa ta cikin tsaka mai wuya. In ta ƙi, kada ya ga baƙinta. Ita kuma kada kunyar maƙwabtaka ta sa ta soka abin da ba ta tabbatar ba, domin allura in ta shiga jiki ba ta fitowa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.