Kafin mu sa wa kicin tayil, mu duba inda yaranmu ke kwana



A 'yan shekarun nan gyaran kicin ya zama abin yayi a tsakaninmu mazauna Legas, daga Agege har Idi-Araba da Mile 12. Uwargida za ta ga hoto a Instagram, ta tura wa maigida, kafin wata ya kama an kira kafinta. Son kyau ba laifi ba ne, kuma macen da ke wuni a madafa ta cancanci wuri mai tsabta. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake fara gyaran daga abin da baƙo zai gani, a bar abin da zai iya cin rai.

Mu fara da tukunyar gas. Yawancinmu a gidajen haya muke, ɗaki biyu ko ɗaki da falo, kicin ɗin kuwa na kowa da kowa ne a bayan gida. Saboda tsoron sata, mata da yawa kan shigo da tukunyar ɗaki da daddare, wasu ma a ɗakin suke girki. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan tiyo ya tsage ko kan tukunyar ya saki, gas ɗin ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe ya taru. To su wa ke kwana a ƙasa? Yara, a kan tabarma ko ƙaramar katifa, babba kuma yana kan gado bai ji warin ba tukuna. Da asuba wani ya danna makunnin wuta ko ya ƙyasta ashana, sai dai Allah Ya kiyaye. Wanda ke da kuɗin kabad ɗin bango, ya fara ba mai walda ya yi masa kejin ƙarfe da kwaɗo a waje inda iska ke shiga, a ja tiyo ta bango. Kejin bai kai rabin kuɗin kabad ba. Gwada tiyo kuwa kyauta ne: a shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa to yana yoyo.

Haka janareta da kurfoti. Hayaƙin da ke kashewa ba shi da wari ba shi da launi, mutum barci kawai yake ji, ya wuce. Mun sha jin labarin iyalan da aka fasa ƙofarsu da safe. Amma har yanzu sai ka ga an yi wa ɗakin yara fenti mai zanen katun, ga janareta tana ruri a ƙarƙashin tagarsu.

Sai batun katako. Hotunan da ake kwaikwayo yawanci na ƙasashe ne ko garuruwan da ba su da irin damshinmu. Allon MDF da kafintoci ke yin kabad da shi garin katako ne aka matse da gam. A Kano ko Katsina zai iya daɗewa. A nan kuwa, inda ruwa ke sauka tun daga Afrilu har Oktoba, kwata ta cika ta shigo gida, da ya sha ruwa sai ya kumbura ya fara ɓarewa, bayansa ya zama gidan kyankyasai da fumfuna. Damina biyu, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. In dole sai an yi, a ɗaga shi daga ƙasa a kan ƙafa, ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuma a yi da siminti ko almuniyom. Kuma don Allah kada a toshe taga don a sami wurin rataye kabad. Mun ga inda aka yi hakan.

Akwai kuma abin da ya fi kawo mana ƙorafi a ƙungiyance, wato kashe kuɗi a gidan da ba naka ba. Mutum zai sa tayil, ya ja famfo, ya canza ƙofa, shekara na zagayowa mai gida ya ga ɗakin ya yi daraja ya ƙara kuɗin haya, ko ya ba shi takardar tashi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar neman diyyar gyaran da ya yi idan mai gida ya tashe shi, amma da sharaɗin ya sami amincewar mai gidan a rubuce tun kafin ya fara. “Baba ya ce in yi” ba takarda ba ce. Mu Hausawa muna jin nauyin neman sa hannu, kamar rashin yarda ne. Mai gidan ba zai ji nauyin nuna maka ƙofa ba.

Ɗakin yara kuwa, abin da yake buƙata kaɗan ne kuma ba tsada. Taga mai raga, gidan sauro da za a riƙa saukewa kowane dare, soket da aka rufe ko aka ɗaga sama, da wurin da yaro zai zauna ya yi aikin makaranta ko tilawa da haske. Idan za a yi fenti, a tambayi mai sayarwa wanda ba shi da dalma, a kuma bar ɗakin ya sha iska kwanaki kafin yara su koma. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce, ko da can daga haƙar zinariya ta fito. Addininmu kuma ya umarce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Mun san ɗaki a Legas ba arha ba. Gado mai hawa biyu da labule mai kauri a tsakani suna magance da yawa, kuma kuɗinsu bai kai na teburin dutsen da ake ɗorawa a kicin ba.

Shawararmu ga shugabanni ita ce a zama na gaba a haɗa kafintoci da masu walda da masu gyaran wuta na cikinmu, a daidaita da su kan farashi mai sauƙi na kejin gas, a kuma tanadi samfurin takardar amincewar mai gida a wajen sakatare don duk mai shirin gyara ya zo ya karɓa. Wanda ke da gyara ko ƙari ya rubuta a ƙasa, musamman iyayenmu mata, tunda su ke cikin hayaƙin.