Malaman Aro da Rundunar Ruwa ta Ƙasar Sin

Sau da yawa idan ana maganar kashin da rundunar ruwa ta ƙasar Sin ta sha a hannun Japan cikin 1894 da 1895, akan ɗora laifin a kan Turawan da aka ɗauko domin su ba da shawara. Wannan hukunci bai yi musu adalci ba, kuma yana ɓoye inda ainihin ciwon yake.

A shekarar 1866 ne Zuo Zongtang ya kafa ma'aikatar ƙera jirage a Fuzhou, aka danƙa ragamar aikin ga wani Bafaranshe, Prosper Giquel. Mutumin nan ya cika alkawari: kafin wa'adinsa ya ƙare a 1874 an ƙera jirage, an kuma yaye ɗalibai. Amma cikin watan Agusta na 1884 sai Faransa da kanta ta nutsar da rundunar Fuzhou a cikin ƙasa da awa guda. Masu cewa kayan aro ba ya rufe katara a nan suke kafa hujja, kuma ba za a ce ba su da abin faɗi ba. Sai dai ya kamata a tambaye su: ina sauran rundunonin ƙasar suka shiga a ranar? Kowane gwamna ya rungume jiragensa tamkar gadon gidansu, aka bar Fuzhou ta ji a jikinta.

Labarin Kyaftin William Lang, Baturen Ingila, ya fi fito da al'amarin fili. Li Hongzhang ya sayo manyan jirage biyu daga Jamus, Dingyuan da Zhenyuan, ya sa Lang ya horar da rundunar arewa. Lang ba shi da wasa wajen atisaye, shi ya sa hafsoshi da dama ba su ƙaunarsa. A 1890 aka yi saɓani a Hong Kong kan tutar wa za a ɗaga idan babban kwamanda ba ya nan, Li ya goyi bayan hafsansa Liu Buchan, Lang ya ajiye aiki. Gardamar tuta fa! Daga nan horo ya yi sako-sako. A 1891 gwamnati ta dakatar da sayen jirage da bindigogi daga waje, alhali kuɗin ofishin rundunar ruwa na zurarewa zuwa gyaran fadar shaƙatawa ta uwar sarki Cixi.

Ita kuwa Japan, ai a wajen Ingila ɗin nan ta yi nata karatun; Togo Heihachiro ya shafe wajen shekara 7 yana koyon aikin jirgi a can. Malami ɗaya ne ya koyar da ɗalibai biyu, amma ɗaya ya koma ya tarar da gwamnatin da ta haɗa rundunarta ƙarƙashin umarni guda, tana kuma biyan kuɗinta kowace shekara.

Abin da ya faru daga baya ya ƙara ƙarfafa wannan ra'ayi. Bayan 1949 ƙwararrun Tarayyar Sobiyet ne suka aza harsashin sabuwar rundunar, sannan aka janye su kwatsam a 1960, wanda ya fi tafiyar Lang muni nesa ba kusa ba. Aikin ya yi tafiyar hawainiya, amma bai tsaya ba, domin a wannan karon hukuma ta ɗauke shi nata. A 1974 Sin ta shigar da jirginta na farko mai tafiya a ƙarƙashin teku da ƙarfin nukiliya cikin aiki, ƙirar injiniyoyinta.