Hanyar Birnin Gwari Ba Ta Duba Ƙyallin Fenti

Ma'aikacin da ya yi shekara biyar yana tara kuɗin motar iyali, idan ya shiga kasuwar 'yan Kwatano, tambaya uku yake yi: silinda nawa ne, otomatik ce, kuma wilinta inci nawa? Duka ukun tambayoyin ado ne. Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi Buruku ta keta daji zuwa Birnin Gwari, tafiyar fiye da kilomita 100, tana da nata tambayoyin, kuma mun daina yin su tun kafin mu biya kuɗi.

Mu fara da inji. Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011 tana zuwa da inji mai silinda huɗu na lita 2.4, ko mai silinda shida na lita 3.5. Masu ilminmu na rububin na biyun domin ƙarfinsa, alhali ƙarfin yana bayyana ne a shimfiɗaɗɗen titi inda za a taka mota ta miƙe. A hanyar da rami ke bin rami, direba na taka burki yana sake tashi, sai babban inji ya zama rijiyar fetur kawai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wannan almubazzaranci ne. Ga shi kuma ya cika gaban mota maƙil, gyaran da bakanike zai gama da hantsi sai ya kai shi la'asar.

Sai giya. Otomatik tana aiki da mai na musamman wanda zafi ke lalatawa. Tafiyar hawainiya da kaya fal, a cikin zafin Afrilu, ita ce ke dafa man nan, kuma da yawanmu ba su taɓa canza shi ba. Ranar da ta ƙi shiga, ba a tura ta ta tashi. Mai giyar hannu kuwa, ko batir ya mutu, mutum uku sun isa su tura ta. A cikin gari wannan bambanci ne na jin daɗi. A tsakiyar dajin da ya haɗe da Kamuku da Kuyambana, inda matafiya suka yi shekaru suna jiran rakiyar sojoji kafin su wuce a ayari, motar da ta tsaya ta rabu da ayari, kuma kowa ya san ma'anar haka.

Na uku shi ne riƙon hanya. Babban wili yana zuwa da siririyar taya, wadda ba ta da kaurin da zai shanye dukan rami. Bakin rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wilin. A ƙara da mota mai ƙasa-ƙasa ɗauke da mutum biyar da buhun masara, sai kaskon baƙin mai ya riƙa shafar dutse.

Iyayenmu sun san wannan. Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri da ke Kaduna tun daga 1975, tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta na lotsawa su dawo, tayoyin baya ke tura ta, kuma kowane bakanike ya san cikinta. A 1975 ɗin ce ta lashe tseren Safari a Kenya.

Za a ce zamani ya wuce ta, kuma gaskiya ne: motocin yau sun fi ta burki, sun fi ta kare rai idan aka yi karo, sun fi ta tsimin mai. Ba kira nake a koma 504 ba. Ma'aunin da aka zaɓe ta da shi ne muka yar. Za a kuma ce hanya ta yi sauƙi tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Allah Ya dawwamar da zaman lafiya, amma sulhu ba ya cike rami.

Don haka mai sayen motar iyali ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya zaɓi silinda huɗu da taya mai kauri, ya tambayi bakaniken garin da zai riƙa zuwa ko yana da kayan gyaranta. Matarsa da 'ya'yansa ne za su zauna a ciki.