Fagge da Sabon Gari: akwatin zaɓe ɗaya



Daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Fagge, biyu na Sabon Gari ne, ta Gabas da ta Yamma. Ke nan wanda ya fito daga masallacin Juma'a na Fagge da wanda ya fito daga coci a Sabon Gari, shugaban ƙaramar hukuma ɗaya suke zaɓa, ɗan majalisar wakilai ɗaya ke magana da yawunsu a Abuja.

Dukkan unguwannin biyu baƙunta ce ta haife su. Fagge zango ne a wajen ganuwa, inda fataken Azbin ke sauke raƙuma. Daga baya Kwarori suka zo suka buɗe kantuna, har aka samu Kantin Kwari. Sabon Gari kuwa Turawan mulki ne suka yanka ta wajejen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Da gangan suka ware su daga mutanen birni, kuma har yau muna ɗanɗana kuɗar wannan rabon. An zubar da jini a Mayun 1953 kan rigimar siyasa, aka sake a 1966. A Oktoban 1982 rikici ya tashi kan ginin coci a Fagge, a 1991 kuma kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke. Allah ya kiyaye gaba.

To amma ku leƙa kasuwar Sabon Gari da azahar. Za ku ji Alhaji ya ɗaga murya: "Oga, duba min shago, zan yi sallah." Maƙwabcin nasa ɗan ƙabilar Ibo ya jawo kujera ya zauna tsakanin shaguna biyu, ya sayar, ya ajiye masa kuɗinsa cif. Ana ba da kayan miliyoyi bashi babu takarda babu shaida, da Hausa ake ciniki, da ita ake rantsuwa. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai, Kiristoci sun tsaya gadin Musulmi suna sallah, Musulmi kuma suka bi coci-coci a Sabon Gari suna kwantar wa mutane hankali. Maƙiyan wannan zumunci ba su ware kowa ba: sun tayar da bam a tashar motar Sabon Gari a Maris ɗin 2013, suka kai hari babban masallacin Kano a Nuwamban 2014.

Abin da ke damuna shi ne amanar nan a kasuwa take tsayawa. Da magariba ta yi, kowa ya kama gabansa, ba a san gidan juna ba. Mutumin da aka haifa a Sabon Gari, a nan aka binne kakansa, a nan yake biyan haraji, in ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin Kano sai a tambaye shi garinsu. Ni ban ga yadda za mu ji zafin abin da ake yi wa Bahaushe a Onitsha ko Jos ba, sannan mu ga wannan mu kau da kai.

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addininsa. Addininmu ma ya tsananta kan haƙƙin maƙwabci, bai ce sai Musulmi ba. Haƙuri da juna abu ne mai kyau, sai dai wanda ake haƙuri da shi kawai baƙo ne, ko yaushe ana iya gajiya da shi. Haƙƙi kuwa ba alfarma ba ne.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Fagge, a tambaye shi a bainar jama'a: mutum nawa daga Sabon Gari zai zauna da su a teburin shawara, kuma yaushe za a gyara titunanta da magudanan ruwanta da suka daɗe da lalacewa? Limamai da fastoci su yi wannan tambaya tare, a zaure ɗaya, tun kafin ranar zaɓe.