Dandalin 'Yan Kallo: Ko intanet ta ɗauke, kallo na nan

A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da WACS, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. A Nijeriya da Ghana intanet ta koma tafiyar hawainiya, masu bin finafinai a YouTube suka yi cirko-cirko.

To amma wanda ya ajiye finafinansa a kwamfutar gida bai rasa abin kallo ba. Sai a samu tsohuwar kwamfuta, a zuba finafinai a ciki, a ɗora mata manhajar Jellyfin, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2018. Daga nan a haɗa ta da waya ko talbijin a kan Wi-Fi ɗaya. Ai ita na'urar Wi-Fi ba ta buƙatar data kafin ta sada kayan cikin gida da juna. Mutum ya buɗe burauza, ya rubuta lambar kwamfutar, misali 192.168.0.10:8096, shi ke nan fim ya fito tas!

Masu amfani da Plex kuwa su lura: tana son tantance mai shiga ta intanet, don haka a saita mata izinin shigar na'urorin gida tun kafin matsala ta zo. A kuma kafe lambar kwamfutar don kada ta riƙa canzawa, a tanadi sola ko inbata saboda ɗauke wuta.

Sai dai fa a ajiye fim ɗin da aka saya da halal. Furodusa ma guminsa yake ci.