Malberi Da Ciwon Suga: A Shuka Shi, Amma Kada A Maishe Shi Asibiti

Malam manomi, in kana Tudun Wada ko wata unguwa ta Jos, ka san itacen malberi mai baƙaƙen 'ya'ya da yara ke tsinka a bakin shinge. Sanyin Filato ya karɓe shi ƙwarai. Za ka ji ana cewa ganyensa na warkar da ciwon suga. Kafin ka yarda, ga abin da bincike ya tabbatar.

A 1976 masana a Japan suka gano wani sinadari mai suna DNJ a jikin malberi. Ya fi yawa a sabon toho. Aikinsa shi ne rage saurin da hanji ke mayar da abinci irin su tuwo da dankali zuwa suga, don haka suga ba ya hauhawa a jini bayan an ci. Tsutsar siliki, wadda wannan ganye ne abincinta, tana tara sinadarin a jikinta, shi ya sa ake busar da ita a niƙa a Koriya ta Kudu. A 2020 kuma ƙasar Sin ta amince da wata ƙwaya da aka haɗa daga rassan malberi domin masu ciwon suga.

To amma ƙwaya awo gare ta, dafaffen ganye kuwa ba shi da awo. Yawan sinadarin ya danganta da irin itacen da girman ganyen da lokacin tsinka. Kuma sassauta suga yake yi, ba ya raba mutum da ciwon. Wanda ya haɗa shi da maganin asibiti ba da sanin likita ba, sugansa na iya faɗuwa fiye da kima. Wanda ya ajiye maganinsa ya dogara da ganye kuwa, yana wasa da idanunsa da ƙodarsa.

Duk da haka, a ganinmu, a shuka malberi. A farkon damina, yanki reshe mai tsawon santimita 20 da ido 3 zuwa 4, ka kafa shi a ƙasa mai laima. Ganyensa abinci ne mai gina jikin awaki da zomaye, saiwarsa tana riƙe ƙasa a gangaren duwatsu, 'ya'yansa kuma iyali su sha. Wannan riba tabbatacciya ce.

Malaman gona, manomi ya yarda da maganarku, don haka ku auna ta. Ku koya masa shuka da sassabe da ciyar da dabba. In ya tambayi magani, ku nuna masa hanyar asibiti.