Kafin ka ce sifikarka ta lalace, duba wannan saitin

Jama'a, a ganina da yawa daga cikin sifikun da ake cewa sun mutu bayan an jona su da talabijin lafiyarsu ƙalau. Talabijin ɗin ne ke aika sauti a tsarin da sifikar ba ta ganewa.

Ga alamar: YouTube na magana lafiya lau, amma da ka kunna fim a Netflix sai tsit, ko wata ƙara mai sa ciwon kai. Finafinai da yawa na zuwa ne da Dolby Digital, su kuwa ƙananan akwatunan nan masu araha da ke mayar da optical zuwa jar waya da fara, yawancinsu PCM kaɗai suka sani.

Ɗauki rimot, shiga Settings, sai Sound, nemi Digital Audio Output, ka mayar da shi PCM daga Auto ko Bitstream. In ta HDMI ka jona, tabbatar ramin mai rubutun ARC ne, kuma CEC a kunne yake. Samsung na kiransa Anynet+, LG kuma SimpLink.

Sai dai PCM ta optical hagu da dama kawai yake bayarwa. Mai sifika 5.1 da ke karanta Dolby ya bar nasa a Bitstream.

'Yan uwana masu gyara, mu ji tsoron Allah. Abin da rimot zai gyara cikin minti biyu, bai kamata mu kwance sifikar mutum mu karɓi kuɗinsa a kai ba.